Bencin Baya

A makarantar da Baba Masinja ya yi aikin shekara talatin da ɗaya, yaro ba ya zama a aji inda ya ga dama. Sakamakon jarrabawa ne ke raba wurin zama. Wanda ya zo na ɗaya shi ne a gaban allo yana shaƙar garin alli, na biyu a gefensa, haka ake ta ja da baya har a dangana da bencin ƙarshe, wanda ke jingine da bango ƙarƙashin tagar da ba ta buɗuwa. Malamai suna ji da wannan tsari ƙwarai, wai yana sa yara zuciya. Akwai kuma dokar da ke biye da shi: duk wanda ya yi zango uku a jere a bencin baya, sai a rubuta wa iyayensa takarda su nema masa wani abin yi.

A shekarar da ya rage wa Baba Masinja wata bakwai ya ajiye aiki, akwai wata yarinya a aji biyar da ta riga ta cinye zango biyu a bencin nan. Saura ɗaya a sallame ta. 'Yar wani mai walda ce, siririya, ba ta da hayaniya. Malamai sun laƙaba mata Uwar Barci, don kullum idonta a tsuke yake kamar mai gyangyaɗi. Baba Masinja ya san ba barci take ji ba. Ya sani ne domin shi ma a kan irin wannan benci ya yi ƙuruciyarsa.

Lokacin da yake yaro, sunansa a aji Daƙiƙi, kuma har amsawa yake yi. Malami zai nuna allo da tsinin bulala ya ce, "Kai na baya, karanta." Shi kuwa abin da yake hange baƙin katako ne da wani fari-fari a jiki, kamar an goge hannu mai gari. A zatonsa kowa haka yake gani, kuma abin da ake kira ƙwaƙwalwa shi ne yaro ya dubi wannan dabbare-dabbaren ya fitar da magana daga ciki. Bai taɓa cewa ba ya gani ba. Ta yaya zai ce haka? Ga allo yana gani, ga malami, ga bulala tana tahowa. A aji huɗu mahaifinsa ya gaji, ya ce, "Kai dai ba na boko ba ne," ya kai shi dako a shagon wani abokinsa.

Ya yi dako, ya yi gadi, ya yi wankin mota, har wani kawunsa ya samo masa aikin masinja. Shi ne mai kaɗa ƙararrawa, mai kai rajista aji-aji, mai yawo da wasiƙu a kan keke. Karatun da bulala ta kasa koya masa, a jikin ambulan ya koye shi da kansa, yana manna takarda a hanci. Malamai suna masa dariya, suna cewa Baba ba ya karanta wasiƙa, sansana ta yake yi. A unguwa kuma an yi masa shaidar girman kai, wai yana wuce mutane ba gaisuwa. Surukinsa ya taɓa yin wata biyu ba ya amsa masa sallama, don ya ɗaga masa hannu daga tsallaken titi ya yi kamar bai gani ba. Maiɗakinsa ta sha yi masa faɗa a kan haka. Ya rantse har ya gaji, daga baya ya koma gane mutane ta tafiyarsu da kalar rigarsu, in mutum ya canza riga kuwa sai dai haƙuri.

Yana da shekara arba'in da shida ya afka da keke cikin wani rami da aka haƙa a tsakiyar hanya, da rana tsaka, ramin da har akuya ta san ta kauce masa. Ƙanwarsa, wadda ke aikin shara a wani asibiti, ta ce wannan karon ba za ta yarda ba. Ta tasa shi gaba har ɗakin masu duba ido. Mai gwajin ya yi ta canza masa gilashi yana tambaya, "Wannan ko wancan?" Da aka zo kan wanda ya dace, Baba Masinja ya ƙura wa rubutun da ke bango ido har mutumin ya tambaye shi ko lafiya.

Ranar Litinin ya shiga wani aji da rajista a hammata, tabarau a fuska. Bai miƙa rajistar ya fita kamar kullum ba. Ya taka har bangon baya, ya juyo ya dubi allo. Ga kwanan wata a sama, ga lissafi layi biyar a ƙasa, kowane baƙi tsaye da ƙafarsa. Ya karance su tas daga inda yake. Daga nan bai zame ko'ina ba sai sito, inda ake tara karyayyun kujeru, ya rufe ƙofa ya yi kuka. Ba kukan murna ba ne. Baƙin ciki ne ya turnuƙe shi, irin wanda babu wanda za ka kai ƙara. Malamin da ya dake shi ya mutu, mahaifinsa ya mutu, shekaru sun tafi. Duk abin da ya raba shi da waɗanda yake ɗaukar wa jaka a yau, ɗan gilashin nan ne da bai kai nauyin cokali ba.

Abin da ya fi cin ransa kuwa, shi ne takardun sallamar da ya riga ya kai gidajen mutane kafin ranar. Yana kai su da zuciya ɗaya, har yana ba iyaye haƙuri, yana cewa ba kowa Allah ya yi don karatu ba, ga shi nan shi ma.

Tun daga lokacin ya zama mai leƙen bencin baya. In ya shiga da rajista, idonsa na can. Ya san ba duk na baya ne ba sa gani ba: akwai mai zuwa da yunwa, akwai wanda kunnensa ke zubar da ruwa, akwai kuma malalaci na gaskiya, don shi ma Allah ya halicce shi. Amma wanda ba ya ganin nesa ba ya ɓuya gare shi. Zai tsuke ido, ya miƙa wuya, ya karkatar da kai, in ya gaji ya kifa fuska a benci. Tsarin makarantar kuma ya tanadar wa irin wannan yaro mugunta ta musamman: yana faɗuwa don ba ya ganin allo, ana hukunta shi da ƙara nisanta shi da allon.

Sau ɗaya ya taɓa cin nasara. A zamanin wata tsohuwar shugaba mai sauraron na ƙasa da ita, ya roƙa aka dawo da wata yarinya gaba, ba don ta ci ba. Zango biyu kacal ta zo ta huɗu. Yanzu tana ba da magani a wani babban kemis, kuma in ta hango shi sai ta fito ta durƙusa. Amma tsohuwar ta yi ritaya, aka kawo sabon Hedimasta, mai son doka da son takardar yabo a cikin firam.

Wata ranar Laraba, lokacin tara, Baba Masinja ya kira 'yar mai walda barandar ofis. Akwai kalanda mai manyan lambobi a bango. Ya tsayar da ita taku goma daga wurin.

"'Yata, wace rana aka zagaye da jan biro?"

Ta tsuke ido, ta miƙa wuya. "Baba, akwai ja a wurin?"

Ya ɗauko wata sanarwa daga cikin jakarsa ya miƙa mata. Ta kai ta dab da hanci, ta zuba karatu kamar an buɗe famfo, ba gargada, ba tsayawa.

"Wa ya koya miki?"

"Littafin ƙawata nake ara in an fita tara. In ta ƙi ba ni, sai in karanta kwalayen shagon babanmu."

"To me yake kayar da ke a jarrabawa?"

Ta sunkuyar da kai. "A allo ake rubuta tambayoyin. In na leƙa takardar ta kusa da ni don in ga abin da aka tambaya, sai a ce satar amsa nake yi. Sau biyu ana yaga min takarda."

"Ba ki taɓa gaya wa Malama ba kya gani ba?"

"Ai ina gani, Baba. Rubutun ne dai ba ya fita."

Ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya ce ta koma aji.

Malamar aji biyar ba muguwa ba ce, gajiyayya ce. Yara saba'in da uku gare ta, da murya ɗaya wadda ta riga ta dishe. Ta saurare shi tana maka jan biro a littattafai.

"Baba, na ji ka. Amma in na dawo da ita gaba, wa zan mayar baya? 'Yar da ta zo ta uku? Gobe uwarta za ta zo ta tsaya min a ka. Ka je wurin Hedimasta, in ya ce a yi, ni mene ne nawa?"

Ya je. Ya tsaya bakin tebur, hannu biyu a baya, kamar yadda ya saba tsayawa shekara talatin.

"Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. Yarinyar nan ta aji biyar, wadda suke kira Uwar Barci, idonta ne. A dawo da ita gaba zango ɗaya kawai a gani."

Hedimasta ya ɗago ya dube shi da murmushi. "Baba, yaushe ka zama likita ba a gayyace mu biki ba?"

"Ba likita ba ne ni, ranka ya daɗe. Abin ne ya taɓa samu na."

"Kujerar gaba ba a roƙon ta, cin ta ake yi. In na buɗe wannan ƙofa, gobe duk na baya makafi ne. Amma kwantar da hankalinka. Wata mai zuwa muna da Makon Lafiyar Ɗalibai, masu gwajin ido za su zo da kansu. Ka ga sai ƙwararru su yi magana, mu huta da ta masu kaɗa ƙararrawa."

Baba Masinja ya haɗiye wannan, ya yi godiya ma. A ransa ya ce in dai za a gwada ta, a kira shi duk abin da aka ga dama. Da ya koma gida ya ba maiɗakinsa labari, ta ce, "Malam, wata nawa ya rage maka? Ka lallaɓa ka fita lafiya. 'Yar wani ce fa." Ya ce ya sani. Ta dube shi, ta ga ba zai bari ba, ta ƙyale shi.

Makon Lafiya ya zo da shiri irin na tarbar amarya. An shafe bango da fenti, an sayo bokitai masu famfo guda shida da sabulu, an jera su a inda baƙi za su wuce. Ban-ɗakin da ya shekara a toshe aka kulle shi da sabon kwaɗo, aka ajiye tukunyar fulawa a gabansa. Baba Masinja ne ya hau tsani ya ɗaura ƙyallen da aka rubuta cewa lafiyar ɗalibi ita ce tushen karatunsa. Ya karanta shi daga sama, ya ce gaskiya ne, ya sauko.

Ranar gwajin ido, baƙin suka aiko cewa yara ashirin za su iya dubawa a kowane aji, a matsayin samfuri, don makarantu takwas ke jiran su. Hedimasta bai ɓata lokaci wajen tunani ba. Baƙi za su zo da mai ɗaukar hoto, to wa za a nuna musu? Ya ce a fito da layi biyu na gaba, masu tsabtar yunifom, masu iya amsa tambaya. 'Yan bencin baya kuma aka ba su kwanduna, aka ce su je bayan azuzuwa su tsince leda, kada a ga ƙeyarsu sai an ji ƙararrawa.

Wato yaran da suka tabbatar zango bayan zango cewa suna ganin allo, su aka jera a gwada ko suna gani.

Baba Masinja ya ajiye tiren ruwan da aka ba shi, ya zagaya baya, ya kamo hannun 'yar mai walda. Sun kusa ƙofar ɗakin gwajin mataimakin Hedimasta ya tare su.

"Ina za ka da wannan, Baba? Dubi hannunta."

"Gwaji za a yi mata."

"Tana cikin jerin suna?"

"Ai don ba ta ciki na kawo ta."

Wata mata daga cikin baƙin, mai farar riga, ta leƙo jin magana. Baba Masinja ya rusuna ya yi mata bayani a gaggauce. Matar ta dubi yarinyar da tausayi na gaskiya, ta dubi agogo, ta dubi takardun hannunta.

"Baba, fom ashirin aka ba mu, kuma an riga an cike su da sunaye. Amma za mu dawo zagaye na biyu, in Allah ya yarda. Ka tuna min da ita."

"Yaushe ne zagaye na biyun, Hajiya?"

"Ba a sa rana ba tukuna."

Ta ƙofar da ke buɗe yana hango allon gwajin a rataye, fari fes, taku shida daga kujerar. Minti biyu zai isa. Mataimakin ya zare hannun yarinyar daga nasa, ya ce ta koma bakin aikinta. Ta ɗauki kwandonta ta tafi ba ta waiwayo ba.

Sakamako ya yi kyau sosai. A aji biyar, ashirin cikin ashirin idonsu garau. Bayan sati uku aka aiko da takardar yabo, cewa makarantar ta zama abin koyi wajen kula da lafiyar ɗalibai. Hedimasta ya sa aka yi mata firam mai ruwan zinariya, ya kira Baba Masinja ya kawo guduma da ƙusa. Yana tsaye a bayansa yana cewa, "Ɗan ɗaga hagu. Yauwa. Ka gani ko, Baba likita? Ƙwararru sun duba, ba mu da matsalar ido." Bokitai masu famfo kuwa tuni an mayar da su sito.

Da jarrabawa ta zo, ya nemi abu na ƙarshe: a bar shi ya kwafe mata tambayoyin a takarda, a gaban mai sa ido, ba zai ce uffan ba. Aka ce doka ta hana wanda ba malami ba shiga ɗakin jarrabawa. Ya tsaya a waje yana kaɗa ƙararrawar farawa da ta gamawa, kwana biyar. Ta tagar yana ganin ta, wuya a miƙe, biro a hannu, ba ta leƙa takardar kowa ba ko sau ɗaya. Ta zo ta saba'in da biyu.

Ranar Alhamis ta makon hutu magatakarda ya miƙa masa ambulan huɗu da littafin sa hannu. Ya kai uku. Ta huɗun, wadda za a kai wa mai walda, ya yi ta yawo da ita a jaka har la'asar, ya bi ta titin shagonsa sau biyu yana wucewa. Ya yi tunanin yaga ta, ya san za a buga wata a ba wani ya kawo. Daga ƙarshe ya jingine keke a bakin shagon walda.

Shagon rumfar kwano ce, cike da ƙofofin ƙarfe da ba a gama ba. Mai walda yana zaune a kan tsohuwar taya, ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma a fuska. Wutar walda ta shigar masa ido tun safe. Yarinyar tana gefe tana ware guntayen ƙarfe cikin gwangwani.

Suka gaisa. Baba Masinja bai miƙa takardar ba tukuna, ya zauna ya faɗi duk abin da ya sani, daga kalanda har zuwa fom ashirin. Ya ce akwai asibitin da ƙanwarsa ke aiki, shi zai raka su.

Mai walda ya ɗaga tsumman, ya nuna jajayen idanunsa masu zubar da ruwa.

"Baba, ni za a gaya wa ciwon ido? Ga ciwon ido nan. Dubi nata, fari tas. Ita ke zura wa uwarta zare a allura. Kuma ba an ce likitoci sun zo makarantar ba? Har a rediyo na ji."

"Sun zo. Ba su duba ta ba."

"To. Me aka aiko ka da shi?"

Ya miƙa. Mai walda ya juya ambulan ɗin, ya mayar da tsumma fuska. "Yau ko giwa ba zan gani ba. Ke, zo karanta mana."

Baba Masinja ya buɗe baki zai ce shi zai karanta, amma ta riga ta goge hannu a siket ta karɓa. Ta kai takardar dab da hanci. Ta karanta kwanan wata, ta karanta gaisuwa, ta karanta cewa bayan dogon nazari da haƙuri na zango uku, hukumar makaranta ta tabbatar 'yarsu ba ta iya karatu ba, kuma babu alamar za ta iya, don haka ana ba su shawara su nema mata sana'ar hannu tun da sauran lokaci. Ta karanta har sunan muƙamin wanda ya sa hannu. Ko harafi ɗaya ba ta kuskure ba.

"To, ka ji," in ji mai walda. "Waɗanda suka sani sun faɗa."

"Ɗan'uwa," in ji Baba Masinja, "wa ya karanta maka ita yanzu?"

Tsumman bai motsa daga fuskar mutumin ba. Can ya ce, a hankali, cikin muryar wanda bai saba ja da ofis ba, "Baba, takarda ce mai hatimi. Ni mai walda ne, kai masinja. Gwaggonta na da keken ɗinki, ranar Asabar za ta fara zuwa."

Aikin Baba Masinja bai ƙare ba, don takarda ba ta zama an kai ta sai an sa hannu. Ya ciro littafin daga jaka, ya buɗe, ya riƙe shi a buɗe ya rasa wa zai miƙa wa.

"Karɓi ki sa min," in ji uban.

Ta ninke takardar sallamarta gida huɗu, ta ajiye a kan gwangwanin, ta karɓi biro. Ta sunkuya har gashin idonta na taɓa shafin.

"Baba, a wane layin?"

Ya sa yatsa ya nuna mata.